Autana ya shiga tuƙin kayak a teku: ku da kuka san ruwa, ina gaskiyar take?

Hajiyar Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri, yau maganar gida na kawo muku. Autana da ke karatu a Brest, can Faransa, ya turo mini hoto jiya bayan isha'i. Yana zaune cikin wani ɗan jirgi siriri kamar kwanson gujiya, daga ƙugu zuwa ƙafa duk a ciki, riƙe da filafili mai baki biyu, bayansa ruwa ne har inda ido ya tsaya. Wai sunan abin kayak, ya shiga ƙungiyarsu, duk Asabar suna fita. Na kira shi na yi ta faɗa, sai ya ce da ni wai “Mama, jirgin da kike shiga ki ƙetare zuwa suna ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.” Ku ji fa! Ni dai ban rintsa ba. Iyo ya iya, wannan na sani, don tun yana firamare yake sulalewa gulbi da yaran unguwa, na yi duka har na gaji. Amma gulbi daban, teku daban. Ku faɗa mini tsakani da Allah: in sa babansa ya hana shi, ko in zuba ido?

Ba'adare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki hana shi kawai. Karatu anka tura shi, ba kamun kihi ba.

Basarken Gamkalle:
Hajiya barka da warhaka. Ɗana ne ke rubutawa, ni ina faɗa masa. Na haura shekara 40 a kan gulbin Isa, su da fito, ubana ma a nan ya tsufa. Irin jirgin nan na san shi, Nasara sun sha sauke shi a bakin Kwarnish da can. Gudu gare shi kamar kibiya, sai dai ba ka miƙewa tsaye a ciki, ba ka sunkuyawa ka kwashe ruwa, kana zaune kamar wanda aka dasa. Ni ban raina shi ba. Abin da zan ce, ruwa duk ruwa ne. Yaron da ya yi wanka a Isa lokacin baƙin ruwa, cikin Janairu, gulbi ya cika ya batse ga kuma sanyi, babu ruwan da zai ba shi tsoro. Ki yi masa addu'a ki bar shi.

Mai Kamyo:
Baba, da girmanka, amma nan ban bi ka ba. Lokacin da muke ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kafin a rufe iyaka, wani zuwa mun yi kwana 9 muna jiran lodi. Ranar Lahadi zaman banza ya ishe mu, muka tafi bakin teku a Fijirose. Ina da wani aparanti ɗan Gaya, a bakin gulbi aka yanke masa cibi, ƙetare Isa da hannu ba komai ba ne a wurinsa. Ya tuɓe ya shiga, ruwa iya ƙugu fa, ina riƙe da wayarsa da takalmansa. Taguwa ta farko ta buge shi ya tashi yana dariya. Ta biyu da za ta koma sai ta tafi da shi. Ina kallo yana iyo iya ƙarfinsa, fuskarsa na kallonmu, amma kansa sai ƙara ƙanƙancewa yake. Wasu masunta da ke gyaran taru suka taso da gudu suna ihu, suna nuna masa da hannu ya yi gefe, ya daina nufo gaɓa kai tsaye. Allah ya sa ya gane. Da ya yi gefe kaɗan sai ga taguwa ta turo shi waje, suka jawo shi yana aman ruwan gishiri.

Daga baya tsohon cikinsu ya kama hannuna ya nuna mini wurin. Wani zirin ruwa ne mai duhu, ba ya kumfa, duk bakin tekun shi ya fi kama da wurin lafiya, ashe ta nan ruwan da ya hau gaɓa ke komawa ciki. Baba, a gulbi ka san inda ruwa ya nufa. Gaya ya nufa, jiya da yau da gobe. Ko ka saki jiki zai yar da kai a wata gaɓa. Teku in ya ɗauke ka ina gaɓar da ke gaba? Barazil?

Malamin Lisse:
Alhaji da wasa ka faɗa, amma akwai wanda ya je Barazil ɗin cikin kayak, da gangan. Wani dattijo ɗan ƙasar Polan, Aleksander Doba, ya tashi daga Dakar ranar 26 ga Oktoba 2010, ya sauka gaɓar Barazil 2 ga Fabrairu 2011. Kwana 99 shi kaɗai, yana da shekara 64. Sai dai jirginsa na musamman ne, mita 7, har da ɗan ɗakin kwana. Kuma teku bai ci shi ba, a kan dutsen Kilimanjaro ya rasu cikin 2021.

Hajiya, kafin a ce wanne ya fi haɗari sai an raba ruwan. Masu wannan wasa kashi uku suke: masu ruwa kwance, wato tabki da gulbi mai tafiya a hankali irin namu na Yamai, da masu bin gangara cikin duwatsu, sai masu teku. Na gangara su ne ido ya fi jin tsoronsu, kuma da dalili. Kifewa a wurinsu cikin wasan take, a fasa goshi, kafaɗa ta goce. Har maki suke ba gangara daga 1 zuwa 6, ta 6 sai wanda ya sayar da ransa. Abin da ke kisa a can sananne ne: ƙafa ta maƙale tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum, ko itacen da ya faɗi cikin ruwa ya tare shi kamar rariya, ko ramin da ruwa ke juyawa a gindin dam ya riƙe shi yana wanke shi kamar tsumma. A irin wannan ruwa Mungo Park, Baturen nan mai binciken gulbin Isa, ya ƙare a Busa cikin 1806, wurin da yanzu tafkin Kainji ya shanye. Amma duk da haka gaɓa tana nan kusa, abokan tafiya na tsaye kan dutse da igiya, in an fito da kai an fito da kai.

Mai teku kuwa sai ya shekara bai kife ba, har ya fara ganin abin yawon shan iska ne. Ranar da ta ɓaci, ba dutsen da wani zai tsaya a kai, ba gaɓar da za a ja ka, kuma ruwan da ya kifar da kai shi ne dai za ka koma cikin jirgi a tsakiyarsa. Gangara tana yawan mari, teku ba ya yawan taɓa mutum amma in ya taɓa da nauyi yake taɓawa.

Ba'adare:
Malam ya buɗe aji. Wa ag ga alli?

Anfirmiyar Harobanda:
Bar shi ya yi, ya kusa zuwa inda nake jira. Hajiya, kowa taguwa yake gani a hoton nan, ni sanyin ruwan ne ya tsaya mini a rai. Mu sanyin iska muka sani, a ja bargo a hura wuta. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi. Ruwan Brest cikin Fabrairu da Maris digiri 10 ne ko 11, ko a Agusta da kyar yake wuce 17, kuma masu ceto duk ruwan da ya gaza digiri 15 cikin masu kisa suke lissafa shi.

In mutum ya faɗa ba shiri, abu na farko jiki ne ke yin sa ba da izininsa ba: ya ja numfashi da ƙarfi, hak, kamar wanda aka watsa wa ruwan randa da asubar hunturu. In kansa na cikin ruwa a lokacin, to ruwa ya shaƙa. Wajen minti guda ana wannan haki. In ya tsallake, yana da kamar minti 10 kafin yatsu da hannuwa su mace masa, ya kasa riƙe igiya, ya kasa danna waya, ya kasa iyo ko da shi ne gwanin unguwarsu. Sanyin da ke kai mutum ga suma sai wajen awa guda. Ke nan da yawa ba sa ma kaiwa can, tun hannu ya ƙi aiki suke nutsewa. Shi ya sa iya iyon yaron nan bai kwantar mini da hankali ba. Rigar ceto a jiki, a ɗaure, ita ke riƙe kai a sama bayan hannu ya bari.

Basarken Gamkalle:
Ƴata, wannan na san shi. Ko a nan in ka kwana jefa birgi cikin hunturu, da asuba ba ka iya kwance igiya.

Anfirmiyar Harobanda:
Baba, ruwan Isa a tsakiyar hunturu wajen digiri 20 yake. Ka raba shi biyu, shi ne nasu.

Malamin Lisse:
Kuma sanyi ba ruwansa da gishiri. Douglas Tompkins, wanda ya kafa The North Face, kamfanin nan na rigunan sanyi da ake samu a gwanjo, ya daɗe yana tuƙa kayak. Cikin Disamba 2015 iska ta kifar da su a tafkin General Carrera a ƙasar Cile, ruwa wajen digiri 4. An ciro shi da rai, sanyi ya ƙarasa shi a asibiti, yana da shekara 72. Tafki ne fa, ba teku ba.

Hajiyar Yantala:
Kun ƙara tayar mini da hankali. Bari in jefo shi ciki ya amsa da bakinsa.

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum iyayena. Mama ta jefo ni guruf ba ko sanarwa, na karanta komai tun daga sama. Baba na Gamkalle ina gaisuwa. Kawu Mai Kamyo, Malam, Anti, Kawu na Tawa, ina wuninku. Ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake.

Jirgin tsawonsa ya ɗan wuce mita 5, faɗinsa bai kai santimita 60 ba. Gaba da baya ɗakuna ne a toshe, iska ce a ciki, ko ya kife ba ya nutsewa. Akwai wani siket na roba da muke ɗaurawa a ƙugu mu rufe bakin jirgin da shi, taguwa ta bi ta kai ta wuce. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na Girinlan da Alaska, da fata suke yin nasu, suna farauta da shi cikin ruwan ƙanƙara. Kafin a bar ni in taɓa teku sai da na yi makonni a pisin, wato kwamin koyon iyo, ana kifar da ni da gangan, in ja siket in fito, in koma ciki da taimakon wani. Ba ma fita sai da rigar roba mai riƙe ɗumi, da jile, wato rigar ceto, a samanta, da malami mai rediyo. Dokar nan ma ta tsara abin: jirgin da bai kai mita 3 da rabi ba kayan wasan bakin ruwa ne, ba ya wuce mita 300 daga gaɓa. Irin namu yana zuwa mil 2 daga mafaka, kusan kilomita 4 ke nan, wanda zai kai mil 6 sai da rajista da ƙarin kaya. In abu ya faru a buga 196 a waya, ko tasha ta 16 a rediyo, masu ceto su taso.

Kuma mu cikin lungun tekun Brest muke tuƙi, ƙasa ta kewaye shi, ƙofarsa ɗaya ce, faɗinta bai kai kilomita 2 ba. Hoton da na tura wa Mama, gari na bayan mai ɗauka ne. Da ya juya ɗaya gefen da kun ga gidaje da motoci.

Hajiyar Yantala:
Na ji. To ka taɓa kifewa a tekun, ban da na pisin? Kada ka yi mini ƙarya gaban manya.

Autan Hajiya:
Sau ɗaya, Mama. Cikin Nuwamba.

Mun fita ruwa kwance kamar faranti. A nan teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana, kowanne wajen awa 6, kuma a Brest tsakanin cika da janyewa kan kai mita 7 in wata ya cika ko in sabo ya tsaya. Duk wannan ruwa ta ƙofar nan ɗaya yake fita, sai ya zama gulbi a cikin teku, gudunsa kan kai kilomita 8 a awa, mu kuwa tuƙinmu na yau da kullum 5 ne zuwa 6. Da muka juyo gida ruwa ya fara fita, iska kuma ta taso daga yamma tana tura shi baya. Kafin ka ce kwabo wurin da muka bi lafiya ɗazu ya zama tudu da kwari. Na saki filafili da hannu ɗaya in gyara hula, shi ke nan.

Anti, hakin nan da kika faɗa gaskiya ne. Duk da rigar roba sai da na ji kamar an buga mini tabarya a ƙirji. Kaina a ƙasa, ruwa kore, na manta duk abin da aka koya mini, sai hannuna da kansa ya laluba ya sami igiyar siket. Na fito na rungume jirgin, don abin da suka fi nanata mana ke nan: kome ya faru kada ka saki jirgi, iska tana tafiya da shi fiye da yadda kake iyo. Malaminmu ya zo ya ɗora hancin jirgina bisa nasa ya zubar da ruwan, ya riƙe mini, na hau ta baya kamar mai hawan jaki. Duka bai fi minti 4 ba. Amma da na zauna na kasa maida siket, yatsu sun ƙi, shi ya maida mini.

Hajiyar Yantala:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nuwamba! Kuma kullum muna waya kana ce mini lafiya lau.

Basarken Gamkalle:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya. Karon iska da ruwa na san shi. Da damina in hadari ya taso daga gabas ya tari ruwa mai gangarowa, gulbin nan da kuke gani kwance sai ya tashi tsaye, kowane Basarke gaɓa yake nema, mu ɗaure mu jira ya wuce. Amma gulbin da zai juya ya koma inda ya fito, sau biyu a rana, ban taɓa tuƙa shi ba. Na janye maganata ta ɗazu. Hajiya, wanka a Yantala bai koya masa wannan ruwa ba, waɗancan mutane ne ke koya masa.

Malamin Lisse:
To nan ne nake so mu ɗan tsaya, don kada a ce tunda ƙungiya ce shi ke nan. A Ingila, ranar 22 ga Maris 1993, ɗalibai 8 da malaminsu da masu koyarwa 2 suka fita daga Lyme Regis, tafiyar kilomita 3 kawai a gefen gaɓa. Iska tana busawa daga tudu zuwa teku. Irin wannan iska mayaudariya ce, a bakin gaɓa ruwa sumul yake, sai ka ɗan matsa ta kama bayanka. Ta yi ta tura su ciki, taguwa na girma, jiragen ba siket suka cika da ruwa ɗaya bayan ɗaya, ba abin harba wuta a gan su, kuma aka yi jinkirin kiran masu ceto. Sa'o'i suna cikin ruwa. Yara 4 suka rasu. Wannan ne ya sa aka yi doka cikin 1995 kan wuraren da ke fita da yara irin wannan wasa. Su ma da “malami” suka fita. Saboda haka tambayar da zan yi wa ɗana ita ce: naku malamin ya taɓa soke fita kuna tsaye a bakin ruwa da kayanku?

Autan Hajiya:
Sau uku tun da na shiga, Malam. Ɗaya ma rana ce tas, muka yi ta gunaguni. Ya nuna mana takardar meteyo, iska za ta juya da azahar. Kuma ta juya.

Mai Kamyo:
Ni da na fara tsorata Hajiya da teku, yanzu zan koma bayan yaro, don maganarsa ta farko ba a amsa ta ba. Da aka rufe gadar Gaya cikin 2023, da jirgi mutane suka koma ƙetarawa Malanbil. Na shiga ba sau ɗaya ba. Buhu kan buhu, babur a kai, mata da goyo, tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi yatsu huɗu ba, ba mai jile ko ɗaya. Kun manta Wara a Kebbi, Mayu 2021? Mutum sama da 150 cikin jirgi ɗaya, ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan suka fita. Shi wannan yaro mutum ɗaya ne cikin jirgin da ba ya nutsewa, da riga biyu, da rediyo, da wanda ke duba iska kafin a fita. Mu fa?

Anfirmiyar Harobanda:
Da Libore, nan bayan gari, Nuwamba 2014. Dorina ta kifar da jirgi, mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki ƴan makaranta. Har yau in na bi hanyar Kollo sai na tuna.

Basarken Gamkalle:
Allah ya jiƙansu. Amma Alhaji kada a ɗora mana duka. Ka ce jirgi ya cika, mai buhu ya ce shi ranar kasuwa ba ta jiransa, ya jefa kayansa ya zauna a kai. Ka hana shi, na kusa da kai ya ɗauke shi. Dorina kuwa mun san wurarenta, daga Ayoru har nan, mun san mai ɗa ba a matsarta. Amma in ta nitse ta taso ƙarƙashinka ba gwaninta.

Malamin Lisse:
Ko gwanayen kayak na gulbi ba su tsira daga namun ruwa ba. Hendri Coetzee na Afirka ta Kudu, wanda ya bi Nilu tun daga sama har teku, kada ne ya fizge shi daga cikin jirginsa a kogin Lukuga na Kwango cikin Disamba 2010. Wannan dai Brest ba su da shi.

Ba'adare:
To tunda kowa na hwaɗin nashi, ku ji nawa, ku da ka cewa mu mutanen Tawa ruwan rijiya kaɗai munka sani. Tabalak, kilomita 50 bisa hanyar Agadas. Bayan damana munka tahi sayen kihi, wani ɗan su yac ce mu shiga shi kai mu wancan gehe. Ruwa kwance awa tabarma, ana hangen shanu ga baki. Muna tsaka iska tat taso ƴar kaɗan, tad ɗauke hular abokina, shi ko yam miƙe tsaye garin cabewa. Sai gani nai sama ta koma ƙasa. Ruwan iya wuya na fa, da na tsaya da ƙahwahuna da shi ke nan, amma laka ta riƙe takalmi, babbar riga ta sha ruwa ta naɗe min hannuwa, ina ta shan ruwan da raƙuma ka sha. Yaron nan mai jirgi da gashin kai yaj jawo ni. Mutane na tsaye ga baki suna dariya, ba su san da gaske ina mutuwa ba. Tun ran nan kihi ga tire nika saye.

Mai Kamyo:
Ashe shi ya sa ka fi kowa saurin cewa a hana yaro!

Malamin Lisse:
Ku bar dariya, labarinsa ya fi na Doba amfani. Masu tsaron gaɓar tekun Amurka suna fitar da lissafi duk shekara. Cikin waɗanda ke mutuwa a jiragen shaƙatawa wajen uku cikin huɗu nutsewa suke yi, kuma cikin waɗanda suka nutse fiye da 80 cikin 100 ba rigar ceto a jikinsu. Da yawansu a tabki ne da ƙananan ruwaye, ruwa kwance, irin wurin da ba wanda ke jin tsoro. Ruwan tabki shi ya fi sauƙi, shi ne kuma ake shiga da babbar riga. In ka ɗauki mutum guda da shiri guda ka sa shi a ruwa ukun nan, to ni a ganina tabki ne a ƙasa, gangara ta fi raunata shi, teku mai sanyi ya fi wuyar fita in ta ɓaci. Amma ba da shiri guda ake shigarsu ba, shi ya sa lissafin ke juyewa.

Ladanin Bukoki:
Tun ɗazu ina karantawa. Mai kwana 99 a teku ya mutu a kan dutse, Alhajin Tawa ya kusa tafiya a ruwa iya wuya. Ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Yaron nan dai na ga alamar ya ɗaure nasa.

Anfirmiyar Harobanda:
Ya ɗaure yau, Malam. Tsorona shekara mai zuwa ne, in ya fara jin ya iya. Sabon shiga yana manne da malami. Wanda ya yi shekara biyu shi ne ke aron jirgi ranar Lahadi ya fita shi kaɗai don rana ta yi kyau, ya bar rigar roba a gida don iska da ɗumi, alhali ruwan na nan da sanyinsa. Gwani ruwa ke ci.

Autan Hajiya:
Anti kin karanta zuciyata. Akwai wani abokina da ke ta ja na mu je tsibirin Molen mu biyu in an yi hutu. Can kusa da shi akwai mashigin Fromveur, ruwansa kan wuce kilomita 15 a awa. Na ce masa sai na ƙara shekara.

Hajiyar Yantala:
Ba shekara ba, ko goma ne ban yarda ba. Ka saurare ni gaban iyayenka. Ba fita kai kaɗai, ba fita ku biyu da wannan abokin, ba Molen ba kowane tsibiri. Da ƙungiya da malamin nan mai soke fita, shi ke nan. Ranar da za ka shiga ruwa ka turo mini saƙo, in ka fito ka turo. Kuma labarin Nuwamba kai za ka faɗa wa babanka da bakinka yau da dare, ni ba ruwana.

Autan Hajiya:
Na ji, Mama. Na babana ne dai mai wuya.

Hajiyar Yantala:
Baba na Gamkalle, ranar Asabar muna da suna a Kirkisoy, mu shida ne. Da ma ta wurinka muka saba bi don ya fi kusa da gidan. Kana da jilen nan?

Basarken Gamkalle:
Akwai guda 6 da wasu suka raba mana shekarun baya, suna rataye a rumfa. Mata ba sa sawa, wai tana ɓata musu ɗinki. Maza kuma su ce ai sun iya ruwa.

Hajiyar Yantala:
Ka sauko da su ka kakkaɓe ƙura. Wadda ta ƙi sawa ta hau taksi ta bi gada ta biyu.

Autan Hajiya:
Baba, in sun daɗe a rana soson ciki yana mutuwa, igiyoyin ma su ruɓe, sai a ga riga lafiya alhali ba ta ɗaukar mutum. A gwada su kafin Asabar.

Basarken Gamkalle:
Gobe da hantsi zan sa jikana ya sa su ɗaya bayan ɗaya ya faɗa ruwa a mashaya, ina riƙe da gora. In ka tashi zuwa hutu ka taho mini da filafilin nan mai baki biyu in gani, ko da yake na san a jirgina ba zai kai ruwa ba.